Mece Ce Ma'anar "Tsaki Niƙan Dutse" da Ake Ta Talla?

Tun azumin da ya wuce nake cin karo da maganar nan. A rediyo, a Facebook, a zaurukan WhatsApp na matan unguwa, kowa "tsaki niƙan dutse" yake sayarwa, an ɗura a leda mai ƙyalli an manna takarda. Ran nan da safe har na ji wani mai gabatar da shirin lafiya yana cewa wai tsaki shi ne masarar da ba a raba ta da komai nata ba, shi ya sa ya fi gari amfani a jiki. Maganar ta tsaya mini a rai, domin duk macen da ta taɓa riƙe rariya ta san ba haka abin yake ba.

Tsaki girman ƙwaya kawai yake nufi. In aka ɓarza hatsi aka tankaɗe, abin da ya zube ƙarƙashin rariya gari ne, wanda ya tsaya a sama shi ne tsaki. Akwai na masara, na dawa, na gero, na alkama, na shinkafa. Kalmar ba ta faɗa maka ko dutse ne ya fasa ƙwayar ko inji, ba ta kuma faɗa maka abin da aka cire kafin a fasa ta. A gidajenmu na da ma ragowar tankaɗe ne, ko a mayar da shi kan dutse, ko a watsa wa kaji, ko a tara shi a yi fate.

Abin da ke raba tsaki da tsaki shi ne surfe, kuma shi ne masu talla ba sa ambata. Ƙwayar masara kashi uku ce: fatar da ta rufe ta, farin cikin da ke zama gari, sai ɗan idon nan na gindi inda tsiro ke fitowa. Yawancin man masara a idon yake, ƙamshinta ma daga can yake tasowa. In aka yayyafa wa masara ruwa aka surfe ta, a turmi ko a inji, fatar za ta fita, idon ma akasarinsa ya bi ta, a bakace a faifai a kira shi dusa a kai wa awaki. To wadda ta surfe masararta tas, ta wanke, ta shanya, ko a kan dutsen kakarta ta ɓarza ta, abin da za ta samu farin tsaki ne marar ido, kusan ɗaya da na kamfani. Wadda kuwa ta kai masara ba surfe wajen mai inji a Tudun Wada ta ce ya ɓarza mata, tsakinta ya fi kusa da abin da mai rediyon nan yake yabo, alhali dutse bai taɓa shi ba.

Na san dutsen niƙa, ba labari aka ba ni ba. Kakata a wani ƙauye ta wajen Giwa tana da shi a gindin zaure na ciki, an kafa shi a ɗan karkace, da faifai a gabansa yana tarar abin da ke zubowa. Uwa da ɗa ake ce musu, babban dutsen da ƙaramin da ake murzawa a kai. Durƙusawa take yi, ta ɗebo masara da hannu ɗaya ta zuba, ta danna ɗan dutsen da ƙarfin kafaɗa ta tura gaba, ta dawo da shi, tana waƙar niƙa ƙasa-ƙasa don aikin ya yi sauƙi. In gari take so sai ta maimaita har sau uku, in tsaki ne sai ta sassauta hannu ta wuce sau ɗaya. In dutsen ya yi santsi ya daina cin hatsi, sai a koɗa shi da makoɗi, ana bubbuga fuskarsa har ta yi kaushi, kuma niƙan farko bayan koɗa ba a ci, saboda ƙasar dutse da ke cikinsa. Mudu biyu kan cinye mata hantsi guda, ta tashi gwiwa ta yi kanta, tafin hannu ya yi ja. Shi ya sa ranar da injin niƙa ya iso ƙauyen matan suka yi murna ta gaske, kuma ba na jin akwai wanda yake da bakin ganin laifinsu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ɗauki sunan wannan wahalar a manna wa leda don a ƙara kuɗi.

Tsakin dutse yana da alamominsa. Ba ya zuwa kai ɗaya: wata ƙwayar babba, wata ƙarama, ga ɗan gari-gari a tsakani, ga ɓurɓushin fata. In ka zuba masa ruwa dusa za ta taso sama, in ka rege shi a ƙwarya za ka ga 'yar ƙasa ta kwanta a gindi. In idonsa na ciki kuma ba ya jure ajiya, don man da ke ciki yakan juya, cikin 'yan makonni a zafin Kaduna ka ji ya soma warin tsohon mai da ɗaci-ɗaci. Wanda ya yi wata shida a kanta fari fat, ƙwayoyinsa duk girma ɗaya, an cire masa ido, kuma ƙarfe ne ya fasa shi.

Na gwada tambayar wata mai sayarwa a Kasuwar Bacci. Na ce, "Hajiya, wannan a kan dutse aka niƙa shi da gaske?" Ta ce, "'Yata, wa zai durƙusa ya niƙa mini buhu goma? Haka masu saye suke son ji." Na ji daɗin gaskiyar da ta faɗa, na sayi mudu ɗaya, kuma tsakin mai kyau ne a matsayinsa na surfaffen tsakin inji.

A ganina lakabin aro ne. A jihohin kudancin ƙasar Amurka tsakin masara abincin karin kumallo ne da suke ji da shi, har jihar Jojiya ta ayyana shi a matsayin abincinta na hukuma a 2002. A can in an rubuta niƙan dutse, ana nufin an murƙushe ƙwayar da idonta tsakanin manyan duwatsu biyu masu da'ira, waɗanda ruwa ko inji ke juyawa, saɓanin na kamfani da ake cire wa ido don ya daɗe kuma ya nuna cikin minti 5. Su dai lakabin yana gaya musu wani abu game da abin da ke cikin ledar. Mu da muke da kalmomin surfe da dusa da ɓarza a bakinmu, me ya kai mu ara? A rubuta "ba surfe" ko "surfaffe", kowa ya gane.

Masara ba ta yanke mana ba a jihar Kaduna. In kaka ta yi, buhunan Saminaka sukan cika kasuwanni, ga cibiyar binciken noma ta Samaru da ke aiki tun 1922 tana fitar da iri kala-kala. Mai son tsaki ya nemi masara mai tauri, wadda cikinta ke ƙyalli kamar gilashi in an fasa, don mai laushi rugurgujewa take yi ta koma gari. Ni nakan sa a yi mata surfe sama-sama yadda fata za ta ragu ido ya tsaya, a ɓarza mini mudu ɗaya kacal, abin da za mu cinye cikin mako biyu, ragowar in sa a firji.

Wajen dahuwa ma ba ɗaya suke ba, kuma nan ne amare da yawa ke ɓata fate su ɗora wa tsakin laifi. Mai ido yana shan ruwa, yana son lokaci. Gwangwani ɗaya nakan ba shi ruwa biyar ko shida, in fara dafa wake ya yi laushi, in zuba jajjagen attarugu da tattasai da albasa, daddawa da manja, sannan in riƙa barbaɗa tsakin ina juyawa don kada ya yi gudaji. Daga nan a rage wuta, a ba shi minti 40 ko fiye, ana leƙawa ana juyawa saboda kamu. Dakakkiyar gyaɗa ta shiga a tsakiya, rama ko yakuwa da gauta da lawashi su zo a ƙarshe. Ɗan garin nan da ke cikinsa shi ke ɗaure faten ya yi kauri da kansa, manyan ƙwayoyin kuma su ba haƙori abin taunawa. Don dambu kuwa surfaffen ya fi, domin ya fi warwarewa a madambaci, ya karɓi zogale da ƙuli-ƙuli ba tare da ya cuɗe ba. Zage-zagi da ake tsokana da son fate sun daɗe da sanin bambancin nan, shi ya sa matansu in sun kai ɓarza sukan tsaya a kan mai inji har sai sun ga girman da suke so ya fito.