Rashin daidaiton bayanan horo a rarrabe hotuna masu ɗimbin zangon haske

Ana cewa bayanan horo ba su daidaita ba idan wani rukuni ya yi wa sauran fintinkau a yawan misalan da ake koya wa na'ura da su. Matsalar ta fi ƙamari a hotuna masu ɗimbin zangon haske, inda kowane ɗigo (ƙwaya mafi ƙanƙanta a hoto) ke ɗauke da ma'auni fiye da 100, ɗaya ga kowane zangon haske, amma ɗigon da aka tabbatar da abin da ke cikinsu kaɗan ne, domin sai an taka har gona an duba.

Hoton Indian Pines, wanda na'urar AVIRIS ta ɗauka daga jirgin sama a jihar Indiyana ta Amurka a 1992, shi ne misalin da aka fi kawowa. Faɗinsa ɗigo 145, tsawonsa 145, zangonsa 200 bayan an cire waɗanda tururin ruwa ya ɓata. Cikin ɗigo 10,249 da aka tantance a rukuni 16, wani rukunin waken suya yana da 2,455, ciyawar alfalfa 46, yankakkiyar ciyawa 28, hatsin ot kuwa 20 kacal. Idan aka ware kashi 10 cikin 100 don horo, ot zai tashi da ɗigo 2, waken suya da kusan 245.

Ƙananan rukunan nan uku ɗigo 94 ne, ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Na'ura na iya kuskure su gaba ɗaya, makinta na jimilla bai girgiza ba. Shi ya sa dole a duba makin kowane rukuni daban, da matsakaicinsu, da ma'aunin kappa, wanda ke cire dacewar da za a iya samu ta hanyar sa'a kawai.

Gyara mafi sauƙi shi ne ɗibar adadi ɗaya daga kowane rukuni, misali 50, ƙananan kuma 15. Dabarar SMOTE, wadda ta fito a 2002, tana ƙirƙiro sabon misali tsakanin ɗigo da ɗaya daga cikin ɗigo 5 na rukuninsa mafi kama da shi. Sai dai kowane ɗigo a hoton nan ya kai faɗin mita 20 a ƙasa, na bakin gona kuma gauraye yake da amfanin gonar maƙwabta, don haka ƙirƙiro daga irinsa yaɗa kuskure ne. Gara a fara taƙaita zangon zuwa kamar 30 da dabarar PCA, mai dunƙule ma'aunai masu yawa zuwa 'yan kaɗan, saboda a ma'auni 200 kamannin ɗigo da ɗigo ba abin dogaro ba ne.

Wata hanyar ita ce a ƙara wa kuskure a ƙaramin rukuni nauyi lokacin horo. Idan aka bi yawan ɗigo kai tsaye, ot zai ninka waken suya nauyi kusan sau 123, horon ya riƙa tangal-tangal, na'ura ta riƙa ganin ot inda babu shi. Sassauta nauyin zuwa kamar sau 11 ya fi zaunar da horon.

Sai an raba bayanan horo da na gwaji kafin a ƙirƙiro ko da misali ɗaya. Idan kuma da gutsattsarin hoto ake horo, a raba su bisa wuri, domin gutsattsarin da suka hau kan juna suna sa na'ura ta ga amsar gwaji tun a horo.