Lambu a gindin tsohon ginin jami'a: me za a shuka, ina ruwa zai bi?

Idan jami'a ta tashi ƙawata harabar tsohon gininta, hankalin mutane kan tafi ga furanni da koriyar ciyawa. Wanda ya san gini kuwa, abin da ya fi damunsa shi ne inda ruwan da za a ba shuke-shuken zai ƙare.

Me ya sa ban ruwa ke zama barazana ga tsohon gini?

Yawancin gine-ginen da aka yi kafin ƙarshen ƙarni na 19 ba su da shimfiɗar hana danshi da ake sa wa a gindin bango yanzu. Da farar ƙasa ko laka aka haɗa tubalinsu da duwatsunsu, babu siminti. Irin wannan bango yana tsotsar ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ya fitar da shi ta fuskarsa idan iska ta kaɗa. Matsalar ita ce ruwan yana hawa ne tare da gishirin ƙasa. Ruwa ya bushe, gishiri ya daskare a cikin ƙananan kofofin tubali, ya yi ta tura su har fuskar bangon ta fara marmashewa.

Ka tsaya a gindin bangon da famfon feshi ke jiƙawa kullum, za ka ga alamun: farin gari a kan tubali, yaɓe ya ɗago ya yi ƙwarya, gansakuka a kusurwar da rana ba ta kaiwa, da wani tabo mai duhu da ya ja layi kusan mita ɗaya daga ƙasa. Ka shafa da yatsa, yashi ya zubo. Dutsen da ya marmashe haka ba ya dawowa, sai dai a sauya shi, kuma wanda aka sa ba shi ne na asali ba.

To ina ruwan wannan da tsirran asali?

Tsiron asali shi ne wanda ya samo tushe a yankin tun fil azal, ba wanda mutane suka kawo ba. Daɗewa a wuri ba ta mai da bishiya 'yar asali: darbejiya daga yankin Indiya ta fito, bishiyar turare kuma daga Ostireliya, duk da sun cika ƙasashe da yawa. Tsiron asali ya saba da ƙasar wurin da yanayin ruwan samanta, don haka idan ya kafu ba ya neman a yi ta ɗirka masa ruwa. Ba ya kuma bukatar takin zamani da yawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin takin zamani kansa gishiri ne da ruwa ke iya kaiwa cikin bango. Tsuntsaye da ƙudan zuma na yankin su ma sun fi amfana da shi.

Ke nan da an shuka shi ke nan, ba sai an ba su ruwa ba?

A'a. Shekara ta farko da ta biyu suna bukatar ruwa sosai kafin saiwarsu ta nutsa. A ba su ruwa mai yawa jefi-jefi, ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi na sa saiwa ta tsaya a sama. A kuma haɗa masu ƙishirwa iri ɗaya wuri guda, masu son ruwa can nesa da gini, masu jure fari kusa da shi. Wannan tsari ya yi suna tun 1981, lokacin da hukumar ruwa ta birnin Denver a Amurka ta fara yayata lambun tsimin ruwa.

Wane irin ban ruwa ya dace?

Na ɗigo, wato siririn tiyo mai ƙananan ramuka da ke ɗiga ruwa a gindin kowane tsiro. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa na kaiwa ga saiwa, ba ya kuma fantsama a bango. Sai dai yana son kulawa: a sa masa matacin ruwa don kada ramukan su toshe, da na'urar rage ƙarfin ruwa, da mitar auna ruwa. A rufe komai a duba mitar. Idan tana juyawa, akwai yoyo a wani wuri. Tiyon da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa kusa da harsashi ya fi famfon feshi illa, tunda ba wanda ke ganinsa.

Haƙa ma sai da lura. A kewayen tsohon gini akan sami tsofaffin magudanai da harsashin gine-ginen da suka shuɗe, don haka da hannu ake haƙa, bayan an nemi izinin hukumar da ke kula da kayan tarihi.

Wace tazara za a bari tsakanin shuka da bango?

A bar kamar mita ɗaya babu shuka, a zuba tsakuwa. Ƙasa ta gangara daga bango zuwa waje, misalin santimita 15 a cikin mita 3 na farko, kada kuma a tara ta har ta rufe gindin bangon ko kofofin shan iska. Ɓawon itacen da ake bazawa don riƙe danshi kada ya taɓa gini, yana kiran gara.

Manyan bishiyoyi su ne abin tsoro, musamman a ƙasa mai yumɓu. Bishiya na shanye ruwan yumɓu da rani, ya tsuke, harsashi ya sauka, bango ya tsage. Amma a yi hattara da sare tsohuwar bishiya kwatsam: yumɓun zai sake shan ruwa ya kumbura ya ɗaga ginin. Wannan shawara ce ta injiniya da masanin itatuwa tare. Tsirrai masu yaɗo kuwa a kafa musu dangar hawa nesa kaɗan da bango.

Shin sauya tsirrai ba zai ɓata tarihin wurin ba?

Yana iya ɓatawa idan lambun kansa na tarihi ne. Yarjejeniyar Florence ta 1981 kan kiyaye lambunan tarihi ta ɗauki irin wannan lambu a matsayin abin tarihi mai rai, wanda ake kiyaye tsarinsa da nau'in tsirransa. Lambun Jami'ar Padua a Italiya, wanda aka kafa a 1545, cike yake da tsirran da aka kawo daga wasu ƙasashe, kuma ba mai hankalin da zai ce a tumɓuke su. Saboda haka a fara duba tsofaffin hotuna da zanen filin. A ganina, inda ba a sami shaidar wani tsari na musamman ba, tsirran asali ne suka fi cancanta. Inda aka samu, a riƙe siffar, wato tsayi da jeri da inuwa, a nemi ɗan asalin da zai cike gurbin duk wanda ya mutu.

Ruwan rufi fa?

Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 500, idan aka yi ruwan milimita 20, zai zubo lita 10,000. Indararon da ya toshe ko ya karye zai juye duk wannan a gindin bango. A gyara shi kafin a shuka ko da tsiro ɗaya, a ja ruwan da bututu zuwa tanki nesa da harsashi, daga nan a riƙa ba lambun.