Erich Hartmann

Erich Hartmann matuƙin jirgin yaƙi ne Bajamushe wanda rundunar saman Jamus ta lissafa masa kakkaɓo jirage 352 a Yaƙin Duniya na Biyu, adadin da ba a taɓa lissafa wa wani matuƙi ba. An haife shi ranar 19 ga Afrilu 1922 a Weissach. Mahaifinsa likita ne da ya yi aiki a ƙasar Sin, mahaifiyarsa kuma ita ta fara koya masa tuƙa jirgi marar inji. Ya shiga rundunar sama a 1940, aka tura shi ƙungiyar jiragen yaƙi ta JG 52 a fagen gabas, inda Jamus ke yaƙi da Tarayyar Sobiyat, cikin Oktoban 1942.

Farkonsa bai yi armashi ba. A karonsa na farko da abokan gaba ya rabu da jagoransa, Edmund Rossmann, ya ɓace cikin gajimare har mai ya ƙare, ya yi saukar dole. Sai ranar 5 ga Nuwamba 1942 ya kakkaɓo jirginsa na farko, ƙirar Il-2 ta Sobiyat.

Jirginsa Messerschmitt Bf 109 ne. A ƙirar G-6 akwai igwa mai bakin milimita 20 da ke harbi ta tsakiyar farfela, da bindigogi biyu masu milimita 13 a saman inji. Da yake duk makaman a hancin jirgin suke, harsasan miƙe suke tafiya, kuma a kan wannan Hartmann ya gina dabararsa: ka hango, ka yanke shawara, ka kai hari, ka janye. Ba ya son kokawar juye-juye a sama. Yakan hau can sama, ya sa rana a bayansa, ya sulalo, ba zai taɓa kunamar bindiga ba sai jirgin abokin gaba ya cika masa gilashin gaba. A wannan kusanci kuskure kaɗan ne, harsashi bai rage ƙarfi ba, wanda ake hari kuma bai ankara ba. Il-2 na da sulke mai kauri, don haka ta ƙasa ake zuwa mata, a nufi na'urar sanyaya man inji da ke ƙarƙashin cikinta.

Dabarar tana da nata haɗarin, domin tarkacen jirgin da ya tarwatse kan dawo ya bugi nasa. Fiye da sau goma ya yi saukar dole, ko saboda tarkace ko lalacewar inji. A Agustan 1943 hakan ta same shi a yankin da Sobiyat ke riƙe da shi, aka kama shi. Ya yi kamar ya ji rauni a ciki, da ya sami sarari ya diro daga motar da ke ɗauke da shi ya tsere.

Jiragen da aka lissafa masa sun kai 300 ranar 24 ga Agusta 1944. Yawan adadin ba gwaninta kaɗai ba ce. Amurka da Ingila kan janye matuƙi daga fage bayan wa'adi, Jamus kuwa sai mutuwa ko rauni, shi ya sa Hartmann ya yi fita 1,404. Wasu masana tarihi da suka gwada iƙirarinsa da takardun asarar Sobiyat suna ganin lissafin ya zarce gaskiya a wasu ranaku.

Ranar 8 ga Mayu 1945 ya yi harbinsa na ƙarshe a saman birnin Brno na Czechoslovakia, ya miƙa wuya ga sojojin Amurka, su kuma suka damƙa shi ga Sobiyat. An yanke masa shekara 25 kan tuhumar laifukan yaƙi, aka sake shi a 1955. Sai a 1997 Rasha ta wanke shi.

A 1956 ya shiga rundunar saman Jamus ta Yamma, daga 1959 ya shugabanci ƙungiyar JG 71. Ya fito fili ya soki sayen jirgin F-104 Starfighter, yana cewa matuƙan ƙasar ba su kai ga riƙe shi ba tukuna. Manyansa ba su ji daɗi ba, ya yi ritaya a 1970 da muƙamin kanar. Cikin jiragen F-104 guda 916 da Jamus ta saya, an yi asarar 292. Hartmann ya rasu ranar 20 ga Satumba 1993 a Weil im Schönbuch.