Hijira da gudun hijira: yadda kalmar ta sauya

Da wuya a gama labaran safe a rediyo ba a ambaci 'yan gudun hijira ba, ko na sansanin Minawao a Kamaru, ko mutanen Borno da suka tsallaka Diffa. Kunne ya saba, har da an ce hijira sai mutum ya hango mace da goyo, ƙunshin tabarma da tukunya a ka.

Kalmar Larabci ce, daga "hajara", wato barin abu da yanke hulɗa da shi. Ita ce ta zo a hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Hausa ma haka ta yi da tata kalmar: ƙaura da ƙauracewa nono ɗaya suka sha.

Darajar kalmar ta samo asali ne daga fitar Annabi (SAW) da sahabbansa daga Makka zuwa Madina a 622 Miladiyya, shekarar da aka mayar mafarin kalandar Musulunci a zamanin Halifa Umar. Da wannan ma'anar ta shigo ƙasar Hausa. Da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo lamba, sai ya tashi da jama'arsa daga Degel zuwa Gudu a 1804. Gudu sunan wuri ne, kada a rikita. A 1903 kuma, da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas, mutane suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa. An kashe shi a Burmi, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai sauran mutanen zuwa Sudan, inda har yau akwai garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sennar.

Waɗannan duk sun fita ne da niyya, da jagora, sun san alƙiblar da suka dosa. Da aka liƙa wa kalmar "gudu" a gaba, sai niyyar ta ɓace, tsoro ya maye gurbinta. Shi ya sa nake ganin ba daidai ba ne a riƙa kiran duk wanda ya bar gida ɗan gudun hijira. Mai cin rani yana komawa gona da faɗuwar ruwan farko. Wanda harbi ya tasa cikin dare kuwa, sau da yawa ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.