Ma'aikacin Jinya Ba Ɗan Aiken Likita Ba Ne

An daɗe ana ɗauka cewa aikin nas bai wuce yin allura da cika umarnin likita ba, domin abin da masu zaman jinya suka fi gani ke nan.

Jinya kuwa sana'a ce mai zaman kanta, da karatunta da lasisinta, kuma nas shi ke ɗaukar alhakin abin da hannunsa ya aikata. Kafin ya ba da magani, wajibi ne ya tabbatar da abubuwa 5: majinyacin, maganin, adadinsa, hanyar ba da shi da lokacinsa. Idan ya yi shakkar adadin da aka rubuta, dole ya dakata ya tuntuɓi likita. Shi ne kuma yake lura da sauyin numfashi cikin dare, yake juya wanda ba ya iya motsi, galibi duk bayan awa 2, don kada kwanciya ta jawo masa gyambo, kuma a ganina wannan ɓangaren aka fi mantawa da shi.

Mai son tabbatarwa ya duba ƙa'idojin hukumar da ke ba su lasisi a ƙasarsa. Don Allah a tura wannan bayani ga 'yan'uwa da abokai.