Waiwaye: Lambar da ma'aikacin Amurka ke rubutawa kafin a taɓa albashinsa

Duk wanda ya kama aikin albashi a Amurka kafin shekarar 2020 ya san tambayar da ake tarbar sabon ma'aikaci da ita tun bai gama sanin inda teburinsa yake ba: sifili za ka rubuta, ko ɗaya, ko biyu? Ana miƙo masa wani fom mai suna W-4, shi kuma ya cike wani ɗan gurbi da lamba. Kalmar da suke kiran lambar da ita ita ce wadda muka ara muka mai da alawus, amma a can ba ƙarin kuɗi take nufi ba. Ƙidayar kawuna ce: kai, matarka, 'ya'yanka da duk wanda kake ci da shi. Kowane kai yana kare wani yanki na albashi daga wuƙar akanta mai yankan haraji. Lamba ta yi yawa, albashi ya zo da kauri. Ta yi kaɗan, ya zo a rame.

Abin da ke rikita mutane, har da 'yan ƙasar, shi ne lambar ba ta rage harajin da ake bin mutum ko da sisi. Idan shekara ta ƙare za a zauna a yi lissafi, wanda aka yankar wa fiye da ƙima a mai da masa rara, wanda aka yankar wa ƙasa da ƙima ya kawo ciko. Rigimar duka a kan wanda zai riƙe kuɗin kafin ranar lissafi ce.

Yankan haraji daga tushe ba sabon abu ba ne a wurinsu. An gwada shi a kan ma'aikatan gwamnati a 1862, lokacin yaƙin basasa, aka sake sa shi cikin dokar harajin 1913, masu kamfanoni suka yi ta ƙorafin an mai da su 'yan karɓar haraji ba lada, aka soke shi a 1917. Ba a damu ba, domin a lokacin harajin samu na masu hannu da shuni ne kawai. Dokar 1913 ta yafe wa gwauro dala 3,000 na farko, mai aure dala 4,000, kuɗin da talaka ba ya gani a shekara. Attajiri kuwa yana iya jiran watan Maris ya rubuta cek.

Yaƙin duniya na biyu ne ya canza lissafin. Dokar 1942 ta sauko da abin da ake yafewa zuwa dala 500 ga gwauro, ta jawo leburori da ma'aikatan masana'anta cikin sahun masu biyan haraji. Masu biyan haraji da ba su wuce miliyan 4 ba a 1939 suka haura miliyan 40 kafin yaƙin ya ƙare. Waɗannan mutane ne da ke cin albashinsu mako-mako, ba su saba ajiye komai don gwamnati ba, ga shi ana so ranar 15 ga Maris su kawo harajin shekarar da ta wuce a dunƙule. Wanda ya ji labarin yadda magidanta ke ɓuya idan dagaci ya fito karɓar haraji a ƙasar Hausa ya san abin da ma'aikatar kuɗin Amurka ta hango.

Maganin a fili yake, a riƙa yanka tun kuɗin bai shiga aljihu ba. Cikas ɗin shi ne a shekarar da za a fara, mutum zai biya na bara ga kuma na bana ana yanka. Nan ne Beardsley Ruml, ma'ajin kantin Macy's na birnin New York, ya kawo shawarar a yafe harajin shekara guda kacokan a fara sabon lale. Shugaba Roosevelt ya ƙi, don ya ga attajiran da suka ci ribar yaƙi ne za su fi morewa. Bayan doguwar ja-in-ja a majalisa aka daidaita a kan yafe kashi 75 cikin ɗari, aka sa hannu a dokar cikin Yunin 1943, yanka ya fara ranar 1 ga Yuli. Cikin matasan masana tattalin arziki da suka tsara aikin a ma'aikatar kuɗi har da Milton Friedman, wanda daga baya ya yi suna wajen sukar girman gwamnati. Shi da kansa ya yarda cewa ya taimaka wajen ƙera injin da ya sauƙaƙa wa gwamnati ƙiba.

Ingila ma ta fara nata tsarin, PAYE, a Afrilun 1944, amma ta bi wata hanya dabam. A can ofishin haraji ne ke ba kowane ma'aikaci lambarsa, ana kuma daidaita lissafin wata-wata, don haka yawancin ma'aikata ba sa cike takardar ƙarshen shekara. Tsarin PAYE ne Najeriya ta gada. Amurka kuwa ta ɗora wa ma'aikaci ƙiyasin, ta ce shi ya san gidansa.

Da farko ƙiyasin ba wuya. Dala 500 ne kowane kai daga 1944, ya koma 600 a 1948, ya zauna a haka sama da shekara ashirin. Miji na aiki, mata na gida, 'ya'ya uku: rubuta biyar ka wuce. Amma gidaje suka canza. Mata suka fita aiki, mutane suka riƙa haɗa aiki biyu, dokar haraji ta cika da rangwame iri-iri, na bashin gida, na sadaka, na renon yara. Duk aka ce a juya su zuwa kawuna a cusa cikin wannan ɗan gurbi. Sai lambar ta daina nufin mutane, ta zama sakamakon wani lissafi mai hawa-hawa da ke bayan fom. Bayan babban gyaran haraji na 1986 hukumar haraji ta ƙasar, wato IRS, ta fito da W-4 mai shafi huɗu, jama'a da 'yan majalisa suka yi ca, dole a 1987 ta fito da gajere.

Tunda ma'aikaci ne ke rubutawa, gurbin ya zama wurin bore. A zamanin yaƙin Vietnam wani mai adawa da yaƙin ya rubuta cewa mutum biliyan 3 yake ci da su, yana nufin duk 'yan Adam na duniya. An same shi da laifi, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1974, bisa hujjar cewa wannan lamba ba ta isa ta yaudari kowa ba. Masu ƙananan ƙarairayi sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Da dokar 1986 ta wajabta rubuta lambar shaida ta kowane yaro mai shekara 5 zuwa sama a takardar harajin shekara, yara kusan miliyan 7 suka ɓace daga takardu a shekara ɗaya. Kada mu yi musu dariya da yawa. Kafin gyaran dokar harajinmu na 2011 ana rage naira 2,500 a kan kowane ɗa, iyaka huɗu, kuma tsofaffin ma'aikata sun san yadda saurayin da bai ko kai lefe ba ke zama uban 'ya'ya huɗu a fom.

Gwamnati ma ta gane cewa abin da mutum ya gani a takardar albashi ya fi abin da doka ta ce tasiri a zuciyarsa. A Janairun 1992, shekarar zaɓe kuma tattalin arziki na tangal-tangal, Shugaba George Bush babba ya ba da umarnin a rage yanka ba tare da an rage harajin kansa ba. Bashi ne kawai aka ba ma'aikata daga rarar da za su karɓa baɗi. A 2009 gwamnatin Obama ta yi rangwame na gaske, dala 400 ga ma'aikaci, amma ta raba shi kaɗan-kaɗan cikin albashi, har da yawa ba su san an yi musu ba.

A ɗaya ɓangaren akwai masu rubuta sifili da gangan. Mafi yawan masu cike takardar haraji a Amurka rara ake mai do musu, kuma a 'yan shekarun nan takan kai wajen dala 3,000. Masana harkar kuɗi sun gaji da cewa wannan rance ne mutum ke ba gwamnati ba riba. Gaskiya ne, amma ni ban ga wauta a ciki ba. Adashi ne, gwamnati ce uwar adashi, kuma mai zubin adashi ya san ba riba yake nema ba, tsare kuɗin yake yi daga hannun kansa.

Abin da ya kashe lambar shi ne dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 22 ga Disamban 2017. Ta mai da rangwamen kowane kai, wanda ya kai dala 4,050, zuwa sifili, ta kusan ninka rangwamen bai-ɗaya, ta ɗaga na yaro daga dala 1,000 zuwa 2,000. Ginshiƙin da aka gina fom ɗin a kai ya tafi, amma aka ci gaba da aiki da tsofaffin lambobi a cikin 2018, aka kuma rage yanka tun watan Fabrairu don mutane su ga canji da wuri. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya yi gargaɗin cewa kusan masu biyan haraji miliyan 30 za su tarar da ciko na jiransu. Da aka shiga 2019 koke ya yi yawa, har IRS ta sassauta tara: maimakon sai mutum ya biya kashi 90 na harajinsa cikin shekara kafin ya tsira daga tara, ta sauko zuwa 85 a kan harajin 2018, daga baya 80.

Sabon W-4 ya fara aiki a 2020, an cire kalmar alawus har daga sunansa. Yanzu daloli ake rubutawa kai tsaye: nawa ne rangwamen yaranka, nawa kake samu a wani wuri, nawa kake so a ƙara yanka maka. Akwai kuma ɗan akwatin da mai aiki biyu ko ma'auratan da duk suke aiki za su yi wa alama. Ba a tilasta wa tsofaffin ma'aikata sake cikewa ba. Wanda ya miƙa fom ɗinsa a 2019 ko kafin nan, bai canza wurin aiki ba, bai kuma koma ofishin albashi ba, kwamfuta na nan tana ninka tsohuwar lambarsa da dala 4,300, ko da yaran da ya ƙirga sun girma sun kama nasu aikin.