Ba Kowane Ciwon Ƙirji Ba Ne Olsa

Da zarar ƙirji ya ɗaure wa mutum, sai a ce olsa ce ta tashi, a aiki yaro kemis ya sayo farin maganin nan na ruwa. A haka ake rasa mutane.

Wani lokaci gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, kuma duk awar da ta wuce, wani sashe na tsokarta yana mutuwa. Idan nauyin ya gangara hannu ko ya haura muƙamuƙi, ga gumi mai sanyi da haki, don Allah kada a jira wayewar gari. Mata da masu ciwon suga ma ba lallai su ji zafi sosai ba. A garzaya babban asibiti a nemi gwajin ECG, wato gwajin na'ura mai nuna yadda zuciya ke aiki, wanda a ƙa'ida ake yi cikin minti 10 da isa.